Kafin A Ɗaura Wa Yaro Zare

(Kiɗan kalangu, sannan a rage sauti.)

Masu sauraronmu na Birnin Kebbi da Argungu, da na Augie da Kalgo da Bunza da Kangiwa, har zuwa Kamba can bakin iyaka, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa cikin shirinmu na faɗakarwa. Kun ji kiɗan da muka buɗe da shi. Na san akwai dattijon da ya gyara zama, tsohon ciwo ya motsa masa, ya tuna zamanin da mawaƙi Ɗan Anace ke wasa 'yan dambe Shago da Ɗan Dunawa. To Baba, a yi haƙuri, yau ba maganar manyan maza muka zo da ita ba. Maganar yaran da ake ɗaura wa zare ce tun ƙashinsu bai ƙosa ba, da abin da ke samun hannun nan bayan an tashi daga fage kowa ya kama gabansa.

Bari in fara da gidanmu, don kada a ce ina wa'azi da 'ya'yan wasu.

Ina da ɗan 'yar'uwa a wani ƙauye kusa da Argungu. Ubansa mahauci ne, kakansa ma haka, dambe gadonsu ne. Tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya ake sa shi sharar fage, wato 'yan wasannin ƙananan yara da ake yi kafin manya su fito. Yaron yana da ido, yana da ƙafa, ga shi bahago. Ranar da zan ba ku labarinta yana da shekara goma sha huɗu. Ina tsaye aka ɗaura masa hannu. Ya dunƙule, aka fara naɗa ƙyalle, sannan aka bi da zare, ana ja ana tamkewa tun daga kan 'yan yatsu har ya wuce wuyan hannu, mai ɗaurin yana taka ƙafa yana ja kamar mai ɗaure buhun shinkafa. Da aka gama na taɓa, sai ka ce taɓarya. A turmi na biyu ya kai wa abokin karawarsa naushi, shi kuwa ya sunkuya, hannun ya sauka a tsakiyar goshi. Wancan yaron ya dafa ƙasa, fage ya ɗauki ihu, an yi kisa. Ni da kaina na shiga na liƙa masa kuɗi. Ban ɓoye muku ba, ranar na ji daɗi.

Da dare aka kwance zaren. Wuyan hannu ya kumbura suntum, gaɓar ƙaramin yatsa ta nutse ciki, in ya dunƙule ba ka ganin tudunta. Na ce, “Kai, wannan hannu fa?” Ya ce, “Kawu, ba komi, targaɗe na.” Ubansa ya yi dariya ya ce ai haka suka taso, hannu sai ya sha wuya yake zama hannu. Aka ja, aka shafa man shanu, aka ɗaure. Bayan kwana goma sha biyu wani mutum ya zo daga wani gidan dambe na birni, ya ce ya ga hoton kisan a waya, yana son yaron, ga kuɗin mota, ga na cefane a bar wa gida. Yaro ya haɗiyi ƙwaya, aka sake ɗaura zare bisa kumburin, ya tafi.

Yau ya haura shekara ashirin. Wuyan hannunsa na hagu ya karkace ya nufi wajen babban yatsa, ƙashin gefe ya turo waje. Dambe ya ƙare tuni. Abin da ya fi ci mini rai, wuƙar fawa ma ba ya iya riƙe ta tsawon yini, sai ya riƙa ajiyewa yana yarfe hannu. Lokacin da muka kai shi aka ɗauki hoton ƙashi, likita ya nuna mini da bakin biro, ya ce, “Malam, ka ga nan? Wannan ƙashin ya daina girma tun shekarun baya, ɗan'uwansa na gefe ya ci gaba. Da kun zo a makon farko, da maganar ta yi sauƙi.”

Abin da likitan ya nuna mini, mahauta sun riga kowa saninsa, sai dai ba su kawo shi kan 'ya'yansu ba. Duk wanda ya taɓa feɗe ɗan rago ya san ƙarshen ƙashinsa yana da taushi, akwai wani farin guringuntsi tsakanin jikin ƙashin da kansa, in ka murɗa sai kan ya ɓalle. Tsohon rago kuwa ba ya yin haka, ƙashinsa ya haɗe ya zama guda. To ɗan Adam ma haka Allah Ya halicce shi. Ta wannan guringuntsin ne ƙashin yaro ke ƙara tsawo. Akwai shi a wuyan hannu, akwai a gwiwar hannu, akwai a kafaɗa, akwai a gaɓoɓin yatsu. Ga 'ya'ya maza, na wuyan hannu ba ya gama haɗewa sai wajen shekara goma sha bakwai zuwa sha takwas, wani ma ya ɗan gota. Kafin lokacin, nan ne wuri mafi rauni a hannun, har jijiyoyin da ke riƙe da gaɓar sun fi shi ƙwari. Shi ya sa bugun da zai yi wa babba targaɗe, yaro sai ya tsaga masa wannan guringuntsi. In ya warke ba daidai ba, ƙashin ya tsaya da girma, ko ya girma a karkace.

Masu kallon ƙwallo za su tuna shekarar 2009, lokacin da Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai. A gasar nan ce hukumar FIFA ta shigo da gwajin na'urar MRI don kama masu rage shekaru. Me ake dubawa? Wuyan hannu. In guringuntsin ya haɗe gaba ɗaya, sai a ce wannan ya wuce yaro. Wato wurin da duniya ke dubawa ta tabbatar mutum yaro ne, shi ne daidai wurin da muke tamkewa da zare mu ce ya je ya daki goshin wani.

Yanzu ku biyo ni mu leƙa Amurka, don akwai mutanen da suka riga mu shiga wannan rami, suka kuma zauna suka ƙirga abin da ya jefa su.

Suna da wani wasa da ake kira besbol. Mutum guda ne ke tsayawa a tsakiya ya jefa wata 'yar ƙwallo mai tauri, girmanta kamar lemun zaƙi, wani kuma yana jiran ta da kulki a tazarar mita goma sha takwas da 'yan kai. Gwanayensu suna jefa ta da gudun da ya haura kilomita 150 a awa guda. Duk wasan a kan hannun mai jifan nan ya rataya, kamar yadda dambe ya rataya a kan hannun ɗauri. Hannu guda ne, shi ne jari, shi ne kuma ke shan wahala. A cikin gwiwar hannu akwai wata 'yar jijiya da ke riƙe ƙasusuwa biyu, kowane jifa sai ya ja ta kamar za ta tsinke. A da in ta tsinke, to sai dai mutum ya nemi wata sana'a.

A shekarar 1974 ta tsinke wa wani mai jifa na ƙungiyar Dodgers ta birnin Los Anjelas, sunansa Tommy John, shi ma bahago ne. Likitan ƙungiyar, Dakta Frank Jobe, ya gwada abin da ba a taɓa yi wa ɗan wasa ba. Ya ciro wata jijiya daga hannun dama, ya huda ƙasusuwan gwiwar hagu, ya zura ta ya ɗinke. Mutumin ya yi shekarar 1975 cur bai yi wasa ba. Ya dawo a 1976, ya ci gaba da jifa har 1989, yana da shekara arba'in da shida. Tun daga nan tiyatar ta ci sunansa.

Labari mai daɗi, ko? To ga inda ya ɓaci. Tiyatar da aka ƙirƙiro don ceto sana'ar magidanci ɗan shekara talatin da ɗaya, sai ga shi yara ne suka cika layinta. Wani bincike da ya duba waɗanda aka yi wa ita a Amurka daga 2007 zuwa 2011 ya gano fiye da rabinsu 'yan shekara goma sha biyar zuwa sha tara ne. Kuma duk wanda aka yi wa, sai ya yi shekara guda ko shekara da rabi yana jinya da motsa hannu kafin ya koma fili, wani ma ba ya komawa yadda yake. Shi kansa Tommy John ya fito yana jan kunnen iyaye a kan lamarin.

Me ya kai yaran ga haka? Jami'a da kuɗi. A can, yaron da ya iya jifa yana iya samun gurbin karatu a jami'a da rangwamen kuɗin makaranta, ko babbar ƙungiya ta ɗauke shi. Saboda haka uba zai kwashi ɗansa daga wannan gasa zuwa waccan, rani da damina, yaro yana yi wa ƙungiya biyu ko uku wasa a lokaci guda, masu farautar 'yan wasa suna zaune da na'urar auna gudun ƙwallo, shi kuma yana ƙure ƙarfinsa don lambar ta hau. Alhali hukumar wasannin jami'o'insu da kanta ta ce cikin ɗaliban sakandare ɗari masu wasanni, kamar biyu ne ke samun irin wannan tallafi. Sauran casa'in da takwas sun tashi a tutar babu, wasu ma sun biya da hannunsu.

Likitocin wata cibiya a jihar Alabama, ƙarƙashin Dakta James Andrews, suka bi diddigin yaran. Suka gano wanda ke jifa fiye da wata takwas a shekara, haɗarin kai shi ga tiyata ya ninka kamar sau biyar. Wanda kuwa ya saba jifa alhali hannunsa ya gaji, nasa ya ninka sau talatin da shida. Ku sake ji, talatin da shida. Daga nan aka kafa doka. Tun 2007 babbar ƙungiyar besbol ta yara take ƙirga jifa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan shekara tara zuwa goma ba ya wuce jifa 75 a yini, ɗan sha ɗaya zuwa sha biyu 85, ɗan sha uku zuwa sha shida 95. Yaron da bai wuce sha huɗu ba, in ya yi jifa 66 ko fiye, sai ya huta kwana huɗu. Akwai mutumin da aikinsa kawai ya zauna da takarda yana ƙirgawa, in adadi ya cika a cire yaron ko da shi ke ci wa ƙungiya wasa. Aka kuma ba da shawarar kowane yaro ya ajiye jifa wata huɗu a shekara, biyu ko uku daga ciki a jere.

Da na karanta wannan shawara ta wata huɗu sai na yi murmushi, don kakanninmu sun yi ta ba tare da likita ya faɗa musu ba. Dambe wasan kaka ne. Sai an kawar da amfanin gona, rumbu ya cika, sannan 'yan dambe ke ɗaukar makaɗansu su shiga gari gari. Da hadari ya fara haɗuwa kowa ya rataye zarensa ya ɗauki fartanya. Duk tsawon damina hannun nan bai daki kowa ba. Yana aiki, ƙwarai kuwa, noma ba wasa ba ne, amma wani aiki ne daban, ƙashin da ya tsage yana samun sararin haɗewa. Kuma a wancan zamani yaro yana daɗewa yana riƙe wa maigidansa jaka da ruwa, yana kallo, yana wasa da tsaransa da ɗan ƙyalle, kafin a yarda ya sa zare da gaske a kira shi Shagon wane.

Yau fa? Gidajen dambe a Kano da Abuja da Legas ba su san damina ba. Wasu ana yi da safe a sake da yamma. Ga waya, ga masu ɗauka suna sa wa a YouTube da Facebook, kisa guda sai ya zagaya duniya kafin yaro ya kwance hannu. Ban ce wannan sharri ne zalla ba. Dambe ya samu kasuwa, akwai waɗanda suka yi gida da mota da aure da shi, ɓangarorin dambe na Kudu da Arewa da Guramada kowa yana alfahari da nasa, kuma na fi son in ga wasanmu a idon duniya da in gan shi ya mutu. Sai dai kasuwar nan kullum tana neman sabon jini, ba ta kuma tambayar shekaru. A nan cikin kwarin Rima ma lissafin ya canza. Tun da noman rani ya kankama a fadama, shekara ba ta da lokacin zama. Yaro ya yini yana jan tiyo da ɗaukar injin ban ruwa, ya dawo ya daki buhun yashi, ranar kasuwa ya sa zare. Wa ke ƙirga masa? Babu mai takarda a gefen fagenmu. In akwai wanda zai ƙirga, to uba ne, ko uwa, ko kawu irina da ya tsaya liƙi.

(Kiɗa kaɗan.)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan hannun yaran da ke dambe.

Ra'ayina, kuma na san wasu za su ji haushi: kada a ɗaura wa yaro zaren gaske, a sa shi fagen kuɗi, kafin ya cika shekara goma sha takwas. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da takwararta ta Kanada sun fi ni tsanani, a 2011 suka fito suka ce ba su goyon bayan yara su yi damben zamani sam, shi da ake sa safar hannu mai laushi ma ke nan, saboda bugun kai. Mu da muka gaji abin, na san ba za a bari ba, to aƙalla a jinkirta. Yaro ya koyi tsayuwa, ya koyi kariya da kaucewa, ya koyi karanta ƙafar abokin karawa. Duk wannan ba ya buƙatar a mayar da hannunsa taɓarya.

Kuma a bar shi ya yi wasu wasannin. Mu nan Allah Ya hore mana. Je ka Matan Faɗa lokacin bikin kamun kifi, wanda aka faro tun 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Kafin ranar kamun kifin, dubi abin da ake yi a kabanci: ninƙaya, nutso, tseren kwalekwale, kamun agwagwa. Ga kokawa, ga langa. Yaron da ya tashi yana tuƙa jirgi da iyo, kafaɗunsa biyu ne ke ginuwa tare, ba guda ba. Hakeem Olajuwon, wanda ya tashi a Legas ya tafi Jami'ar Houston a 1980, ya ci kofin ƙwallon kwando na Amurka a 1994 da 1995, bai fara wasan ba sai da ya kai wajen shekara goma sha biyar. Kafin nan gola yake tsarewa a ƙwallon ƙafa, yana kuma ƙwallon hannu. Jinkirin bai rage shi da komai ba. Ƙafar golan nan ce ma ta zame masa makami.

To in an riga an yi, ciwo ya samu fa? A nan nake so iyaye mata su matso kusa da rediyo, don ku ne kuke ganin yaro lokacin da ya daina cika baki. Ɗan dambe ba ya cewa yana jin ciwo, an koya masa faɗin haka abin kunya ne. Amma tuwo ba ya ƙarya. In kika ga yana cin abinci yana tallafe hannu, ko ya kasa murɗa marfin jarka, ko ya kasa ɗaga buta, ko yana juyi da dare, to akwai magana. Ki kama hannun ki duba. Gaɓar yatsa da ta nutse, karaya ce, har likitoci suna kiranta karayar ɗan dambe. Sannan ki sa ya miƙe babban yatsa, za ki ga wani ɗan rami a gindinsa ta wajen wuyan hannu. Ki danna. In ya zabura, kada a ce targaɗe. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙashi a wurin da jini ba ya isarsa sosai, yana karyewa ba tare da wani babban kumburi ba, wani lokaci ma hoton farko ba ya nuna shi sai an sake bayan kwana goma ko sati biyu. In aka bar shi, yana iya ƙin haɗewa, wuyan hannu ya lalace a hankali.

Akwai kuma ɗan ƙaramin rauni da ake rainawa, wanda haƙorin abokin karawa ke yi a kan gaɓa. Ɗigon jini ne kawai, amma ƙwayoyin cutar bakin mutum sun shiga cikin gaɓar, cikin kwana biyu hannu ya haye ya fara ruwa. Wannan na asibiti ne a ranar, ba gobe ba.

Maganar maɗora kuwa, ba zan zage su ba. Sun yi wa al'umma aiki tun kafin a san asibiti, kuma akwai masu tsoron Allah a cikinsu da in suka ga abin ya fi ƙarfinsu suke cewa a wuce gaba. Abin da nake roƙo biyu ne. Na farko, a ɗauki hoto kafin a ɗora. Maɗori yana lalube da hannu, ba ya ganin guringuntsin nan da muka yi magana, jan da zai gyara ƙashin babba yana iya ƙarasa na yaro. Na biyu, ɗauri. In aka ɗaure da kara, yatsu suka yi sanyi, ko suka kumbura suka canza launi, ko yaro ya ce ba ya jin su, ko ciwon ya ƙi lafawa sai ƙaruwa yake har yana kuka in an miƙe masa yatsa, a kwance nan take a nufi asibiti ko tsakar dare ne. Jini ne ya daina zagayawa. Awoyi kaɗan ke tsakanin hannu da yankewa. Muna da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da asibitin koyarwa na tarayya a nan Birnin Kebbi, akwai babban asibiti a Argungu, in abin ya yi nauyi ga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga asibitin ƙashi na Dala a Kano. Na san kuɗin hoto da na mota ba ƙaramin abu ba ne a wannan zamani. Mu da muka yi tsimin su a makon farko, mun biya ninkin ba ninkin daga baya, hannun kuma bai dawo ba.

Sai ƙwaya. Tiramol ba ya ɗora ƙashi, bakin ciwon kawai yake toshewa, yaro ya ci gaba da dukan mutane da karyayyen hannu. Ga kamu, ga farfaɗiya da yake jawowa in an sha da yawa. Masu yi wa yara tsaga a hannu a cusa magani kuma, in ba za a fasa ba, to reza guda mutum guda, don ciwon hanta da ƙanjamau ba su san gado ba. Wanda kuma aka buga ya faɗi, ya tashi yana jiri, yana amai, ko bai tuna abin da ya faru ba, ya gama wasa a ranar, kuma ba ya komawa sai likita ya sallame shi. Bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba yana iya kisa, kisa na gaskiya, ba na fage ba.

Saura baƙon da ke zuwa da kuɗin mota. Zai zo, ko don dambe, ko don ƙwallo, ya ce zai kai yaro Kano ko Legas ko ma Turai. A karɓe shi da mutunci, a ba shi ruwa, sannan a tambaye shi a gaban shaidu, a gaban Sarkin Fawa ko mai unguwa. Alhaji, ina yaron zai kwana, wa ke kula da shi? Sau nawa zai sa zare a mako? In ya karye wa zai biya magani, wa zai dawo da shi gida? A rubuta. Mutumin kirki ba ya gudun takarda. Wanda kuma ya ce ku ne za ku biya shi kuɗin biza da na gwaji, ku raka shi bakin hanya.

A Amurka ko banza yaron da hannunsa ya lalace yana iya fita da takardar jami'a. A nan dambe ba ya kai kowa jami'a, sai dai ya fitar da shi daga sakandare. Alhali takardar nan ita ce ƙofar da wasa ke buɗewa a ƙasarmu. 'Yan sanda da soja da kwastan suna da ƙungiyoyin wasanni, Chioma Ajunwa da ta ciyo wa Nijeriya zinare a Atlanta a 1996 'yar sanda ce. Ana dambe da kokawa da langa a gasar wasanni ta ƙasa, jami'o'i da kwalejojin fasaha suna da nasu gasannin, ga Jami'ar Tarayya da Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Ayyukan ɗamarar da makarantun nan duk sai da sakamakon sakandare ake shiga. Kuma ku duba sharuɗɗan ɗaukar ɗan sanda, a rubuce yake, ba a ɗaukar mai lanƙwasasshen hannu. Ɗan 'yar'uwata ya so ya nema. Ko fom bai cika ba.

Ina kira ga sarakunan dambe da masu gidajen wasa da hukumar wasanni ta jiha, ku zauna ku yanka shekarun da yaro zai fara sa zare, ku yanka kwanakin hutu tsakanin wasa da wasa, ku sa mutum guda da littafi a bakin fage. Makaɗa, ku ma da ku nake, kalangunku ne ke tayar da yaron da ya kamata ya zauna.

Kai kuma uba, yau da dare in ɗanka ya shigo, kira shi, ka ce ya miƙo hannuwansa biyu, ka jera su a hasken fitila ka gwada wannan da wancan. In ka ga bambanci, gobe da safe ku kama hanyar asibiti.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

(Kiɗan kalangu.)